Kwalin fentin mai mai launi 12: ya isa a zana karkarar Kano da Jigawa da shi?

In ka ce "fentin mai" a Rano ko Birnin Kudu, abin da zai faɗo wa mutane a rai shi ne na gwangwani, wanda ake shafa wa ƙyauren ƙarfe da tagogi, ko wanda masu rubuta allon shago suke aiki da shi. Ba shi ake nufi a nan ba. Wanda muke magana a kai shi ne na masu zane, mai zuwa cikin ƙananan bututaye irin na man goge baki, da kauri kamar man shanu a hunturu. Garin launi ne aka niƙa shi da man linsid, man da ake tatsa daga irin wani tsiro da ba a noma shi a gonakinmu. Shi kansa bututun ba daɗaɗɗen abu ba ne: wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, shi ya ƙirƙiro shi a 1841. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure fenti, kuma zuwan bututun ne ya sauƙaƙa wa masu zane fita daji su zauna gaban abin da suke zanawa.

Kayan da muka sa a gaba shi ne kwalin nan mai bututu 12, kowanne mililita 12, wanda galibi daga ƙasar Sin yake zuwa da sunaye iri-iri. A shagunan kayan rubutu na cikin Kano ake samunsa, musamman wajen Sabon Gari, kuma sau da yawa ana haɗa wa mutum da ƙunshin burushi, da ƙaramin kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, da aka riga aka ɗaure a katako, da 'yar kwalbar mai. Ɗalibai ne suka fi saye, sai malaman zane na makarantun sakandare, sai masu rubutun allo da suke son gwada hannunsu a wani abin daban.

Hukuncin a taƙaice: kayan koyo ne, kuma ya yi wa mai koyo. Amma wanda ya raba launukan nan bai san ƙasarmu ba, kuma abubuwan da ake haɗo shi da su sun fi fentin kansa kawo ɓarna.

A fara da lissafi. Bututu 12 sau mililita 12 ya kama 144, wato duk kwalin bai kai bututu ɗaya babba na fentin mai da ake kira Winton ba, mai mililita 200. Ba ma ƙarancin ne matsalar ba, rabon ne. An ba fari mililita 12, an ba ja mai duhu 12, kamar a auna wa mai girki garin tuwo da gishiri da mudu ɗaya. A zanen fili da sarari, fari shi ne kusan rabin abin da ake ci. Kanbas mai faɗin santimita 40 da tsawon 50, in sararin hunturu ne za a zana, farin zai iya ƙarewa kafin a sauko kan bishiyoyi. Shi kuwa jan nan mai duhu da shuɗin Furushiya sai su shekara ba a ci rabinsu ba. Don haka duk wanda zai sayi kwalin, ya haɗa da babban bututun fari tun a shagon, kada sai ya koma Gwaram ko Sumaila ya gane.

Farin ma a duba bayansa. Kamfanonin kirki suna buga lambar garin launin a jikin bututu. PW6 farin taitaniyam ne, mai rufe abin da ke ƙarƙashinsa. PW4 farin zinki ne, mai shara-shara, kuma in ya tsufa yana ƙeƙashewa ya tsattsage, har ya ɓamɓare daga jikin kanbas. In an gauraya su biyun babu laifi a saman zane, amma kada a yi shimfiɗar ƙasa mai kauri da shi. Yawancin kwalayen masu araha ba sa buga lamba ko ɗaya, sai sunan launi kawai, kuma wannan shi ne babban bambancinsu da irin su Winton na kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a Landan a 1832, ko Georgian na Daler-Rowney. Su ma waɗannan na ɗalibai ne, ba su ne ƙololuwa ba, amma suna gaya maka abin da ka saya. In ka ga kalmar "Hue" a gaban sunan launi, ma'anarta kwaikwayo ne aka yi da wani gari mai sauƙin kuɗi. Ba zamba ba ce, tunda an faɗa. Wani lokacin ma kwaikwayon ya fi zama lafiya, domin rawaya da ja na kadmiyam na ainihi suna da guba.

Inda babu lamba, sai gwaji. Matsa ɗan fenti kamar ƙwayar wake a kan farar takarda ka bar shi ya kwana. In da safe ka ga da'irar mai ta yi faɗi ta kewaye shi, fentin kuma ya koma kamar busasshen ƙulli, man ya yi yawa, garin ya yi kaɗan. Na biyu, ɗebi kashi ɗaya na launi ka cuɗa da kashi goma na fari. Fenti mai ƙarfi zai nuna kansa, wanda aka cika da alli kuwa sai ya ɓace. A irin waɗannan kwalaye, launukan ƙasa su suka fi cin wannan jarrabawa, wato rawayan ƙasa, da jan ƙasa ƙonanne da ake kira siyena, da ruwan makuba mai duhu da ake kira amba. Dalili kuwa garinsu ba shi da tsada, babu ribar da za a ci a yi masa algus. Shuɗin altramarin ma ba laifi. Waɗanda suka fi rauni su ne rawaya mai ruwan lemon tsami da jajayen. Gwaji na uku sai mai haƙuri: shafa kowane launi a jere a kan allo, a gauraye da ɗan fari, ka rufe rabin kowanne da kwali, ka ajiye a tagar da rana take bugawa wata biyu ko uku. Ranar bazara ba ta rufa wa kowa asiri. Jan nan mai duhu, in na alizarin ne mai lamba PR83, shi zai fara koɗewa.

Launukan da ƙasar take nema

Littattafan koyon zane da ake samu galibi a Turai aka rubuta su, shi ya sa suke cewa abin da ya yi nisa shuɗi yake komawa. Haka ne a damina, bayan an ɗauke ruwa iska ta wanke. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, ka tsaya a gefen Dutse ka dubi duwatsun da ke nesa: ba shuɗi suke ba, toka-toka ne mai ɗan ruwan ƙasa, kuma layin da ya raba ƙasa da sama ɓacewa yake cikin hazo. Wanda ya matso shuɗi daga bututu ya shafa a sararin hunturu ya zana wata ƙasa, ba tamu ba. Haɗin da yake kamawa shi ne fari mai yawa, ɗan rawayan ƙasa, ɗigon altramarin, da ɗan taɓin siyena don a kashe kaifin shuɗin. Ana sauka ƙasa ana ƙara rawayan.

Kore biyu ake sakawa a kwalin, kuma dukansu sun cika ihu. Ɗaya kamar koren tutar Najeriya yake, in aka shafa shi tsura sai gonar gero ta koma kamar leda. Koren da ake buƙata haɗa shi ake yi. Rawayan ƙasa da altramarin suna ba da koren gawo, mai toka-toka, kuma a tuna gawo da rani yake ganye, da damina ya zubar, don haka gawo mai ganye a tsakiyar korayen shuka kuskure ne da kowane manomi zai gani. Rawaya mai haske da ɗigon baƙi suna ba da kore mai nauyi irin na darbejiya da tsamiya. Koren bututu sai wajen shinkafar Kadawa da Kura tana ɗanya, nan ma a karya shi da ɗan ja. Jikin kuka kuwa ba ruwan ƙasa ba ne kamar yadda masu koyo suke yi masa. Toka ne mai ɗan ja-ja da sheƙi: fari, altramarin, siyena. Waɗannan ukun dai su ne duwatsun Rano, su ne inuwar katangar ƙasa, abin da ke canzawa yawan kowanne ne kawai.

Wato a cikin launi 12, shida ne za su yi aikin: fari, rawayan ƙasa, siyena, amba, altramarin, da rawaya mai haske. Wanda ya riga ya san hannunsa ya bar kwalin, ya sayi biyar ɗin da ba fari ba a bututun mililita 37 ko 38, fari kuma babba.

Akwai kuma abin da ba sai an je Kano ba. Rawayan ƙasa da siyena, ƙasa ce da gaske, tsatsar ƙarfe ce take ba ta launi, irin wadda take sa ƙasar burji ta yi ja. Zanen shanun da ke ƙarƙashin duwatsun Birnin Kudu shaida ne cewa jan launin ƙasa ba ya saurin gajiya. A samo ƙasa mai laushi mai launi sosai, daga bakin rafi ko ramin da ake haƙar ƙasar gini, a daka, a zuba a bokiti da ruwa mai yawa, a dama. A jira kamar rabin minti yashi ya kwanta, sai a tsiyaye ruwan mai launi a wani bokitin ta cikin ƙyalle. A bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan sama, laɓar da ta kwanta ita ake so. In an maimaita sau biyu ya fi. A shanya ta bushe ƙarau, domin in da sauran danshi ba za ta karɓi mai ba, sai ta dunƙule. Sannan a niƙa a kan gilashi mai kauri da gindin kwalba mai faɗi: babban cokali ɗaya na gari, man linsid kuma bai wuce ƙaramin cokali ba, a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan. Da farko zai yi kamar man bai isa ba, kada a ƙara, a ci gaba da murzawa, zai saki da kansa. In ka ja shi da wuƙa ka ji ƙaras-ƙaras, da sauran yashi, a koma wanki. Rawayar ƙasa in aka gasa garinta a gwangwani kan garwashi ja take komawa, haka ake samun siyena ƙonanne tun asali. A ɗura a sirinji marar allura a toshe bakin, zai yi makonni. Bular wanki kuwa, ko da yake dangin altramarin ce, an cika ta da wasu abubuwan, ba ta da ƙarfi a mai. Shunin baba yana koɗewa in aka sirka shi da fari. Zarnik, rawayan tsofaffin littattafai, guba ne, a bar shi inda yake.

Kanbas ɗin da ake haɗowa

Ɗaga shi ka duba ta rana. In ka ga haske yana ratsowa ta ƙananan huji kamar rariya, shafen da aka yi masa bai isa ba. Man linsid in ya ratsa ya taɓa zaren auduga, a hankali yake cinye shi, bayan shekaru ƙyallen ya yi duhu ya riƙa yagewa kamar tsohuwar takarda. Tun kafin nan ma, shafe marar kyau yana tsotse man fentin, sai ka ga wurin da ka bari yana sheƙi jiya ya wayi gari a dushe, musamman wuraren duhu. Maganinsa a ƙara masa jeso, farin shafen nan na roba da ake sayarwa a roba ko gwangwani, sau biyu. Shafin farko a sirka da ruwa kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar, a ja burushi a kwance. Na biyu a ja a tsaye. A goga sanfefa mai laushi tsakaninsu. Ko da ya bushe a hannu cikin awa ɗaya, a ba shi kwana biyu ko uku kafin mai ya hau. In ana son tabbaci, a ɗiga man linsid a gefe, gobe a juya baya: in ya fito, a ƙara shafi.

Da yawa a nan akoko suke saya a Kantin Kwari, su shafa masa fentin ruwa na bango da aka dama da farin gam na kafintoci. Don gwajin hannu babu laifi, ya fi zama ba a yi ba. Amma fentin bango alli ya fi yawa a cikinsa, abin riƙewar kaɗan ne, shi ya sa yake shan mai kamar jigawa ta sha ruwan farko, daga baya kuma ya riƙa barin gari. In dole sai akoko, a wanke shi tukuna sitatin ya fita ya gama tsukewa, a goge, a ɗaure, a yi masa shafi biyu na gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi, sannan jeso ya biyo. Wajen ɗaurewa a bar rarar santimita 5 kowane gefe, a fara kafa ƙusa ko sitefula daga tsakiyar gefe ɗaya, a tsallaka kishiyarsa a ja, haka har gefe huɗu, ana matsawa zuwa kusurwa da tazarar yatsa uku. Kusurwa ita ce ƙarshe. Wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya taɓa na biyu zai samu tattara da ba ta fita.

Tsohuwar hanyar Turai gam ɗin fatar zomo ce, ana jiƙa kashi ɗaya a ruwa kamar kashi 12 ya kwana, a ɗumama ba tare da ya tafasa ba. Ba mu ba da shawararta a nan. Wannan gam yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ƙasarmu danshin iskarta yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a hunturu, ya haura 70 a Agusta. Fentin da ke kansa ba zai jure wannan ja-in-ja ba shekara da shekaru. Ga kyankyasai kuma suna sonsa.

Gaskiya ma, ga mai fita gona ya yi zane, falle ya fi ƙyalle. Filawud mai kaurin milimita 4 zuwa 6, kafinta ya yanka maka santimita 25 da 30, guda goma ko fiye daga falle ɗaya. A shafe fuska biyun da gefuna da jeso, domin in fuska ɗaya aka shafa lanƙwashewa zai yi. Iska ba ta kaɗa shi, rana ba ta ratso shi ta baya, ƙaya ba ta huda shi.

Mai, da abin da ba mai ba

Nan ne aka fi yin asara. Fentin mai ba bushewa yake kamar yadda wanki yake bushewa ba. Man linsid iska yake sha, ya daskare ya zama fata mai tauri, kuma ba kowane mai ne yake da wannan hali ba. Man gyaɗa ba ya yi. Man ja ba ya yi. Na riɗi da na waken suya rabi-rabi ne, ba abin dogaro ba. Wanda 'yar kwalbarsa ta ƙare ya ɗebo man gyaɗa a kicin ya sirka fenti, zanensa zai yi wata da watanni yana danƙo, ƙura ta manne, tururuwa ta hau, kuma babu gyara sai kankarewa. Man linsid na shagon kayan gini, wanda ake cewa dafaffe, an zuba masa sinadarin saurin bushewa, yana duhu yana tattarewa, na katako ne. A nemi tatacce na masu zane, mai ruwan zuma fara. 'Yar kwalbar da ke cikin ƙunshin, in babu rubutun abin da ke ciki, a shafa ɗan kaɗan a gilashi: linsid na gaske zai kama cikin kwana uku zuwa biyar.

Abin sirkawa kuma tafentain ne ko farin sifirit na masu zane. Gwajinsa, a ɗiga a farar takarda, in ya tashi bai bar tabo ba ya yi. Kananzir yana barin maiƙo, a tsaya da shi wajen wanke burushi. Fetur da tinar masu fentin mota kada su kusanci wurin: suna narkar da shafin ƙasa, suna cin gam ɗin burushi, ga hayaƙinsu a ƙirji, ga wuta. Ko tafentain ɗin ma ba a aiki da shi a ɗaki rufe.

Ƙa'idar hawa-hawa ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin kududdufi ya ƙafe ya san ta: sama ta bushe, ƙasa da sauran laushi, sai ta dare. Don haka shafin ƙasa ya zama siriri, ƙaramin mai, mai saurin kamawa, na sama kuma man ya riƙa ƙaruwa. A fara da wanke farin allon da siyena ko rawayan ƙasa da aka tsinka da tafentain kawai, a goge da tsumma, don farin jeso a rana yana kashe ido yana sa a kasa auna haske. A zana manyan siffofi da amba, wadda takan kama cikin kwana ɗaya ko biyu. Shafi na biyu, in za a sirka, kashi ɗaya na mai da biyu na tafentain. Na ƙarshe rabi da rabi, ko fentin yadda ya fito daga bututu. Fari, baƙi da jajaye su ne masu nawa, sukan kai mako ko fiye. Kada a ɗora amba siririya a kan farin da bai gama ba. Zafin bazara yana gaggauta kamawa, amma yana da nasa sharrin: fenti mai kauri sai ya yi fata a sama cikinsa ɗanye, ya tattare kamar saman kunun da ya huce. Kuma kada a shanya zane a rana don a yi sauri.

Tsumman da ya sha man linsid, in aka dunƙule shi aka jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A gidan da ke da danga da rumbu da kara wannan ba abin wasa ba ne. A baza shi a fili ya bushe, ko a nutsa shi a gwangwanin ruwa.

Burushin ƙunshin ba na wannan aiki ba ne. Gashinsu laushi gare shi, na fentin ruwa ne, in ya haɗu da fenti mai kauri sai ya kwanta. Wasu kuma suna zubar da gashi a kan zane, ko da yake matse ƙarfen wuyan da filaya yana ragewa. Abin da ake buƙata masu tauri ne masu faɗin baki, lamba 4 da 8 da 12, da ƙarami ɗaya mai tsini don rassa, da wuƙar haɗa fenti. Sai dai akwai abin da mai shago ba lallai ya faɗa ba: burushin fentin mai na asali, farin nan mai kaushi, gashin alade ne. Mutane da yawa a nan sun zaɓi zanen fili da itatuwa ne saboda fatawar Ibn Abbas ga mai sana'ar sura, cewa in ba makawa ya yi bishiya da abin da ba shi da rai, kuma mai irin wannan taka-tsantsan zai so ya san abin da ke hannunsa. Ganewa ba wuya. Bakin kowane gashin a tsage yake biyu ko uku, kuma in aka ƙona silin ɗaya warin ƙonannen gashi yake ya zama toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Hukuncin na malamai ne. Ta fuskar aiki dai, na roba masu tauri suna yi sarai. Ka ce, "Alhaji, a buɗe min in taɓa," kafin ka biya. Bayan aiki a share fentin da tsumma, a ɗauraye a kananzir, a wanke da sabulun wanki har kumfar ta fito fara, a gyara bakin da yatsa, a kwantar. Burushin da aka bari a tsaye cikin gwangwani bakinsa ya lanƙwashe ke nan.

Su kansu bututayen a ajiye su a gwangwani mai murfi a wuri mai sanyi, gindin randa ya fi saman kwaba a ɗakin kwano. Zafi yana raba mai da gari, ka buɗe sai mai ya fara tsiyayowa. In haka ta faru a matsa a kan takarda ta tsotse rarar. Murfin da ya kafe a tsoma shi a ruwan zafi, kada a murɗa da ƙarfi, bututun masu araha a wuya suke fashewa.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta ƙarshe. Zanen da aka gama a hunturu a jingine shi fuskarsa na kallon bango, samansa kawai ya taɓa, ko a kifa masa babban kwali da aka huda gefensa don iska ta shiga, tunda iskar ce take busar da shi. Kada a kulle shi a duhu wata da watanni, linsid yana yin rawaya a duhu, ko da yake in aka fito da shi haske yana washewa. In za a rataye, ba a bangon da ruwa yake bugawa ba, kuma a sa wani abu a kusurwoyin baya ya ɗan ɗaga shi, saboda funfuna da gara. Hayaƙin murhu da turaren wuta suna kwanciya a kansa sannu a hankali, kuma wannan ne amfanin banish, shafin kariya da ake yi a saman zane: dattin ya hau kansa maimakon fentin. Amma sai zanen ya yi wata shida zuwa shekara, kuma banish na masu zane irin damar, wanda ake iya cirewa a sake. Na kafintoci yana yin ja, kuma in ya hau ya hau ke nan. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba, da safe kafin iska ta tashi, shafi ɗaya siriri, allon a kwance.

A fili kuwa awa biyu gare ka, daga hantsi zuwa kafin rana ta take, ko daga la'asar zuwa kafin ta yi ja, bayan haka inuwa ta juya sai dai a dawo gobe. Wajen komowa da ɗanyen zane a kan babur, a haɗa allo biyu masu girma ɗaya fuska da fuska, a sa 'yan guntayen kara masu kauri ɗaya a kusurwa huɗu su raba su, a ɗaure da roba. Tabon da karan zai bari a kusurwa ana shafe shi da yatsa in an isa gida.